Kwat ɗin Aro

A sashenmu na Turanci ba a tambayar ɗalibi ko gidansu da hali ko babu. Wai rashin ɗa'a ne. Farfesa, shugaban sashen, shi ya kafa wannan doka tun kafin a ɗauke ni aikin koyarwa, kuma duk shekara sai ya maimaita mana ita kamar jiya ya ƙirƙiro ta.

"Mu fa masana adabi ne," in ji shi, yana kaɗa cokali a kofin shayi. "Mutum ya yi furfura yana tono abin da marubuci ya binne a ƙarƙashin layi, sannan a ce sai ya tambayi yaro ko yana jin yunwa? Haba. Ɗan'adam littafi ne, tufafinsa bangonsa. Kallo ɗaya ya ishe ni."

Kallo ɗaya kuwa yake yi, don bai taɓa yin na biyu ba. Farfesa bai san fuskar ɗalibi ko ɗaya ba. Ajinsa mu ƙananan malamai muke shiga, shi sai dai ya leƙo ranar farko ya yi musu barka da zuwa, ya leƙo ranar ƙarshe ya yi musu fatan alheri.

Duk ƙarshen shekara muna bikin karrama ɗalibai. Akwai takardun yabo a cikin firam, akwai littattafan da suka gaji da zaman sito aka naɗe su a takarda mai ƙyalli. Waɗannan duk ado ne. Abin da ake kwana ana tashi da shi guda ɗaya ne, tallafin karatun digiri na biyu, wanda wata tsohuwar malamar sashen ta bari kafin ta rasu. Sharaɗinta biyu ne kawai: ɗalibin ya kasance mai hazaƙa, kuma ya kasance in ba a tallafa masa ba karatunsa ya tsaya. Mu uku ne kwamitin zaɓe. Farfesa, sai wani da ɗalibai suke kira Dakta Ƙa'ida, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gaya maka mazhabar nazarin da ta faɗa ciki, sai ni. Ni aikina zuba shayi da gyaɗa kai.

A shekarar da nake ba ku labari, ɗalibai biyu ne suka kai ƙarshe. Na farko 'yan ajinsu suna ce masa Shiru, don sai ya wuni bai ce uffan ba. Amma in ya ɗauki biro, to ka gyara zama. Ni na duba kundin bincikensa, kuma wallahi akwai shafin da na karanta na ajiye jan birona, na ji kunyar taɓa shi. Riguna biyu na san shi da su tun shekarar farko, fara da mai ruwan toka, kullum a goge tsaf.

Na biyu shi ya raɗa wa kansa suna Sha'iri. Wando yagagge a gwiwa, silifa ɗaya ta sha ɗinki, gashi kuwa ya manta da mataji. Waƙoƙinsa duka a kan yunwa suke, kuma ba laifi, yana da ɗan abin faɗa. Sai dai ni na sha ganin wata doguwar mota baƙa tana sauke shi a bayan ɗakin karatu, can nesa da idon sashe, direba har da buɗe masa ƙofa.

Ranar ganawa da kwamiti Sha'iri ne ya fara shigowa, yana jan silifarsa a kan kafet. Da Farfesa ya ga ɗinkin silifar nan sai da ya lumshe ido kamar wanda ya ji ƙamshin girki. Aka yi masa tambaya a kan bincikensa, ya kauce, ya karanto mana waƙar wani ciki da yake kuka da tsakar rana. Dakta Ƙa'ida ya cire gilashi ya goge.

Sai Shiru ya ƙwanƙwasa. Na ɗaga kai na kusa ɓarar da shayin. Kwat ce a jikinsa, shuɗiya mai duhu, yadin nan mai nauyi da yake zama a kafaɗa ba gardama, karin guga kamar ya yanke maka yatsa. Ta ɗan yi masa yawa a ciki, amma an kama ta ta baya da dabara. Abu ɗaya na lura da shi sa'ad da ya miƙo hannu ya karɓi ruwa: a hannun hagu, cikin maɓallai masu ruwan ƙasa, akwai guda ɗaya baƙi da bai yi kama da 'yan'uwansa ba.

Yaron nan ya yi magana ranar, ya yi maganar da bai yi ba tun shigarsa jami'a. Ya ce yana so ya ci gaba da binciken da ya fara, ya faɗi inda ya ga ya gaza, ya faɗi abin da zai karanta ya cike giɓin. Ni ina ta murna a raina. Farfesa kuwa ko kalma ɗaya ban yi zaton ta shiga kunnensa ba, idonsa na kan wuyan kwat.

Yana fita Farfesa ya jingina da kujera ya yi 'yar dariya.

"Kun gani ko? Yadin nan na san shi. Ina da irinta sak a gida, kuma na san abin da na sha kafin na mallake ta. Uban da zai ɗinka wa ɗansa wannan ba ya bukatar sadakar matacciya."

"Ranka ya daɗe," na ce, "yaron nan riguna biyu gare shi, ni shaida ce."

"Ƙanƙan da kai ne irin na 'ya'yan manya. Yau da ya zo gaban manya ai kin ga ya fito da ainihinsa."

"To shi ɗayan fa? Motar da take kawo shi ta fi ta shugaban jami'a tsawo."

"Rage masa hanya ake yi, Malama. Talaka ai kullum cikin neman a rage masa hanya yake. Wannan ma hujja ce a kanki."

Dakta Ƙa'ida ya ƙara da cewa jikin Shiru nassi ne mai ƙaryata kansa, ita kuwa silifar Sha'iri murya ce ta waɗanda aka danne. Na ce a kira yaran a tambaye su mana, baki gare su. Suka dube ni kamar na ce a tuɓe su a tsakiyar kasuwa. Aka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya. Aka ce a ba Shiru takardar yabo ta kundin da ya fi kowanne, don kar a ce ba a yaba ba. Na kwashe kofuna raina a ɓace.

Ana gobe biki ina saukowa daga bene sai na ci karo da wani dattijo yana hawowa, yana haki, riƙe da hangar rataye kaya an lulluɓe ta da leda. Na san shi sama-sama, Baba mai wanki da guga ne, rabin gidajen malamai shi yake yi musu. Kafin in gaishe shi sai ga Shiru ya fito daga wani aji da sauri, ya rusuna.

"Baba, kawo in ƙarasa maka. Ba na ce ka bari in zo in ɗauka ba?"

"Kayan Farfesa ne, gobe zai sa. Riƙe ta sama, kar ta taɓa ƙasa."

Ledar ta zame, hannun hagu na wata shuɗiyar kwat ya bayyana. Maɓallai masu ruwan ƙasa, guda ɗaya baƙi.

Na jira dattijon ya sauka, na kira Shiru ofishina na rufe ƙofa. Ban ma san ta inda zan fara ba, sai na nuna hannun rigata kawai. Ya sunkuyar da kai.

"Mahaifina ne, Malama, shi ya matsa. Ya ce ba zan tsaya gaban manya kamar wanda ba shi da kowa ba. Ya ce a cikin duk kayan da ke hannunsa ita ta fi kyau, wuni ɗaya ne, zai sake wanke ta ya goge. Ban san ta Farfesa ce ba sai da na dawo gida."

Dokar kwamiti ta hana a faɗi sakamako kafin biki. Na taka dokar nan, na gaya masa komai, har da abin da Farfesa ya ce a kan yadin. 

"Tashi mu je wurinsa yanzu," na ce. "Mu nuna masa maɓallin. In yana da sauran kunya zai sauya."

"A'a, Malama."

"Kai, karatunka ne fa!"

"Na sani. To in na ce masa kwat ɗinsa ce na sa, wa ya ba ni? Kafin yamma duk gidajen malamai sun ji cewa ɗan mai wanki yana yawo da kayan mutane. Wa zai ƙara ba Baba ko hankici? Ƙannena huɗu, da dutsen gugar nan suke ci." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma don Allah kar shi ma ya ji. Yana ganin gata ya yi mini."

Na yi masa faɗa, na lallashe shi, na ce zan je ni kaɗai in ce a bakin wani na ji gidansu ba hali. Na je ɗin ma. Farfesa ya saurare ni da murmushi, ya ce ji-ta-ji-ta ba ta ture abin da ido ya karanta, kuma an riga an buga suna a jikin allon karramawa. Hujja ɗaya ce za ta karya shi, ga ta can rataye a bayan ƙofarsa cikin leda, ni kuwa an ɗaure mini baki. Ban taɓa jin haushin aikina kamar ranar ba.

Washegari zauren taro ya cika. Lasifika tana ta ƙara kamar kullum, ana bugun makirufo da yatsa. Farfesa ya hau mumbari cikin shuɗiyar kwat, ya yi dogon jawabi a kan yadda adabi yake buɗe idon mutum ya ga abin da sauran jama'a ba sa gani. Da ya ɗaga hannun hagu yana jaddada wannan batu, baƙin maɓallin yana ta ƙyalli a ƙarƙashin fitila.

Aka kira Sha'iri, ya hau da silifarsa ya karɓi tallafi. Wata mata a layin gaba, zinariya tun daga wuya har yatsu, tana ɗaukarsa hoto tana share hawaye. Dakta Ƙa'ida ya raɗa mini cewa wataƙila uwar ɗakin mahaifiyarsa ce. Aka kira Shiru, ya hau da farar rigarsa, ya karɓi firam. Farfesa ya ba shi hannu idonsa na kan mai hoto. Can baya kusa da ƙofa, Baba mai wanki ya miƙe tsaye shi kaɗai yana tafi, har sai da wanda ke kusa da shi ya ja masa riga.

Da aka tashi Baba ya tare ni a baranda, firam ɗin a rungume a ƙirjinsa.

"Malama, an ce ke kika koyar da shi. Allah ya saka da alheri. Ai na gaya masa, manya ba sa raina mutum in ya zo musu da shiga ta mutunci. Ga shi kuwa."

Shiru yana tsaye a bayansa yana kallona. Na ce amin, Baba, Allah ya yi masa albarka. Na wuce ofis na kulle kaina.

Sabuwar shekarar karatu ta shigo. Sha'iri ya yi rajistar digiri na biyu, ya zo aji 'yan makonni, daga nan aka ce babansa ya tura shi waje ya karanta harkar kasuwanci. Na tayar da maganar a mayar wa Shiru gurbin, aka ce ƙa'ida ba ta yarda a ba da tallafi sau biyu a shekara ɗaya ba. Shiru ya nemi koyarwa a makarantu, ana ta ce masa ya dawo. Ƙafar Baba kuma ta fara kumbura, hawan bene ya gagare shi.

Rannan ina ofishin Farfesa muna tsara jadawalin jarrabawa aka ƙwanƙwasa. Shiru ne, riƙe da hanga cikin leda, ya ɗaga ta sama kar ta taɓa ƙasa. Tsohuwar singileti ce a jikinsa da silifa, bayan hannunsa da tabon ƙunar dutsen guga. Ya gaishe mu ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofa.

"Yawwa, ɗan mai wanki," in ji Farfesa. "Ka gaya wa babanka guga tana kyau kwanan nan, har ta fi da."

"Zai ji, ranka ya daɗe."

Ya dube ni sau ɗaya, ya ja ƙofa a hankali ya fita. Farfesa ya bi ƙofar da kallo, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Kin ga irin wannan yaron, Malama? Da a ce ya samu ya shiga jami'a, da a sashenmu yake, irinsu ne marigayiya ta bar wa tallafin nan. Kallo ɗaya na yi masa na gane."