Zakiyya da Finafinan Baba

Ran da Abubakar Sadiq ya aiko wa mahaifinsu da wata 'yar na'ura mai kamar akwatin ashana daga Legas, babu wanda ya nemi shawarar ƙanwarsa Zakiyya, amma ita abin ya faɗo wa a ka. Tsofaffin finafinai ne a ciki, sittin da wani abu, yawancinsu baƙi-da-fari, waɗanda aka yi tun kafin a ba Najeriya mulkin kai ko jim kaɗan bayan haka. Akwai na Japan, akwai na Italiya da Indiya da Masar, har da na ƙasashen da sai ta duba taswira kafin ta san inda suke. Kowanne da yarensa, fassarar Turanci kuma tana bi ta ƙasan allo da ƙananan haruffa.

Mahaifin nasu, Malam Ubaidullahi, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya ya koma gidansa na Maska. Shekararsa saba'in da shida. Kunne garau, baki ya fi kunnen lafiya, ido ne kawai ya fara ja da baya. Yana ganin mutane a talabijin, yana ganin doki da jirgin ƙasa, amma rubutun nan sai ya zame masa kamar jerin tururuwa. Zakiyya kuwa Turanci take koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Funtua.

"Ai Asabar ba ki da aiki," ya ce mata a waya.

"Baba, ina da shi. Ga wanki, ga cefane, ga takardun ɗalibai ɗari da tamanin."

"To, bayan azahar ke nan. Kada ki manta tabaranki."

Haka ta fara barin yaranta biyu wajen maigidanta duk Asabar, ta hau acaɓa zuwa Maska, ta zauna a kan tabarma da rimot a hannu, tana karanta Turanci da ido tana fitar da Hausa da baki. Da a ce karatun ne kaɗai, da da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mata rai kalma ɗaya ce: tsaya.

A fim ɗin Indiya, wani manomi ya ɗaura wa shanu garma, bai yi taku goma ba Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya! Dubi huɗar nan. Wannan mutumin bai taɓa riƙe garma ba tunda uwarsa ta haife shi. Daga birni aka ɗauko shi aka naɗa masa rawani. Ya bi gangare da kunyoyin gonar, ruwan farko zai kwashe masa ƙasar."

Sai da ya yi mata darasin minti ashirin a kan zaizayar ƙasa, manomin nan yana daskare a allo da baki buɗe.

Na Italiya kuwa mutum biyar ke magana a lokaci guda, hannuwa na tashi sama, rubutu na gudu kamar an biyo shi. Kafin ta gama fassara maganar uwa, 'ya ta amsa, maƙwabciya ta leƙo ta taga ta sa baki.

"Wancan mai hular fa, me ya ce? Na ga bakinsa ya motsa."

"Ba a rubuta ba, Baba."

"Don me? Shi ba mutum ba ne?"

A na Masar Baba ya ce ai yana jin Larabci, ya yi ta musu da ita cewa maganar zuciya ake yi, alhali kwale-kwale mutanen suke gyarawa. A na Suwidin kuma, inda miji da mata kan yi minti uku suna kallon bango, sai ya zarge ta da ha'inci.

"Kin yi shiru."

"Su ma shirun suka yi."

"Anya? Haka kawai za a tara mutane a ɗauki hotonsu ba su ce komai ba?"

Kafin masara ta yi goyo, 'yan kallo sun ƙaru. Gwaggo Atu, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, ta kawo masa kunu wata rana, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce minti ɗaya za ta gani. Ba ta sake fashi ba. Ita ta jawo maƙwabta, har falon ya koma ɗaukar mutum goma sha biyu. Tambayoyinta kuwa ba sa ƙarewa. Wannan matarsa ce ko ƙanwarsa? Me ya sa suke shiga ɗaki da takalmi? Yarinyar nan tun ɗazu ba ta ci komai ba, babu mai lura ne? Fim na awa ɗaya da rabi sai ya ci azahar, a tashi a yi la'asar, a dawo, Zakiyya ta isa Funtua muryarta a dishe.

Asabar ɗin da abin ya lalace, makon jarrabawa ne. An kwana ana ruwa, babur ya kafe a taɓo sau biyu, ta iso da zani jiƙe har gwiwa da ciwon kai ɓari guda. Babu wanda ya ce mata sannu da hanya, sai Baba da ya ce ta makara. Fim ɗin ƙasar Hangari ne. Wani dattijo da matarsa na zaune a tebur suna shan miya da cokali, matar tana magana doguwa, rubutu layi bibbiyu yana wucewa. Zakiyya ta dubi rubutun, haruffan suka yi mata rawa a ido.

"Me take cewa?" in ji Baba.

"Ta ce ta gaji," Zakiyya ta ce. "Ta ce tun asuba take tsaye, ruwa ya yi mata duka, babu wanda ya ce mata sannu. Ta ce ita ma mutum ce, tana da nata aikin da ke jiran ta."

"Allah sarki!" Gwaggo Atu ta tafa hannu. "Faɗa masa, 'yar nan!"

Dattijon cikin fim ya ajiye cokali, ya faɗi wata magana a hankali.

"Ya ce shi ba ruwansa, a ƙaro masa miya."

Falon ya ɗauki salati. Mata suka yi ta Allah wadai da dattijon, Baba da kansa ya girgiza kai ya ce wannan ba ɗan halak ba ne. Daga nan Zakiyya ta saki linzami. Duk wanda ya buɗe baki a allo, ita ke zaɓa masa abin faɗa. Ranar babu wanda ya ce tsaya. Fim ya ƙare a kan lokacinsa, ta koma gida da sauran rana har ta duba takardu arba'in.

Ta yi niyyar sau ɗaya ne, amma abu mai sauƙi wuyar bari gare shi. Mako huɗu ta yi tana shirga musu labarin da ta ga dama, jama'a kuma sai yabon finafinan suke yi, wai na bayan nan sun fi ma'ana.

Sai Malam Mark ya dawo. Tsohon hedimasta ne, aminin Baba tun suna samari, ya yi wata uku a Kaduna wajen 'yarsa ana yi masa aikin ido. Ya shigo da sabon tabarau, aka ba shi kujera a gaba. Fim ɗin Meziko ake yi, wa da ƙane suna sallama a tashar jirgin ƙasa.

"Ya ce masa in ya sake taɓa masa akuya, sai sun haɗu a gaban alƙali," in ji Zakiyya.

Malam Mark ya yi gyaran murya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Zakiyya 'yata, ko idon nawa ne bai gama warkewa ba? Ni abin da na gani, cewa ya yi ka gaida Inna, ka ce mata ba zan daɗe ba. Ban ga akuya ba."

Baba ya ce a kashe talabijin. Maƙwabta suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da abin da ya bari a kan wuta.

"Guda nawa kika yi mini haka?" Baba ya tambaya. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mata ciwo.

"Biyar, da na yau."

"To, sai a sake su daga farko."

Nan ta ji abin ya zo mata wuya. "Baba, wata huɗu ke nan ba ni da Asabar. Yarana sun fara ce mini baƙuwa. In na karanta gaskiya a ce na yi ha'inci, in na yi shiru a ce na ɓoye magana. Ga Baba Mark nan, shi da idonsa ya buɗe, sai ya karɓa."

Ta ajiye rimot a gabansa, ta durƙusa ta yi sallama kamar yadda ta saba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Asabar uku ta yi a gidanta. Ta yi wanki, ta yi kitso, ta kai yara gidan kakarsu ta wajen uba. Duk da haka, da azahar ta yi sai ta riƙa duba waya, kuma in ta ga babu kira sai haushi ya ƙara kama ta.

A ta huɗu, da hantsi, sai ga Gwaggo Atu a tsakar gidanta, da ɗanyar masara a leda. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta fara.

"Ki zo ki cece mu. Mark zai kashe mu da rai. Kowane layi sai ya karanta da Turanci sau biyu, sannan ya yi bayanin nahawu, sannan ya fassara. Fim ɗaya muke kai tun ran da kika tafi, har yanzu jirgin nan bai tashi daga tasha ba."

"Ai gaskiya Baba yake so, ga ta nan ya samu."

Gwaggo ta ajiye kofi. "Ke ba ki san abin da ke cin sa ba. Lokacin da yake makarantar aikin gona a Zariya, akwai wani malaminsu da ke haska musu irin waɗannan a jikin bango. Ubanki ɗan ƙauye ne, Turancinsa bai nuna ba, kafin ya haɗa kalma biyu rubutun ya wuce. In 'yan birni suka yi dariya sai ya yi, don kada a gane. Da hutu ya zo ya zaunar da ni ya ba ni labarin fim tiryan-tiryan, ashe duk shi ke ƙirƙira. Sai da muka tsufa ya faɗa mini. Shekara hamsin yana son ya ji abin da mutanen nan suka faɗa da gaske."

Tausayi ya zo wa Zakiyya, haushi ya biyo shi a guje.

"To me ya hana shi faɗa mini tun farko? Sai dai tsaya, tsaya, tsaya?"

"Ubanki ne fa. Kin taɓa jin ya ce bai iya abu ba?"

Ta koma, amma da sharaɗi. Ta zauna a gaban Baba ta lissafa masa: Asabar ɗaya a zo, ɗaya a huta, kuma tsaya uku kacal a kowane fim. Ya ce uku zalunci ne, a yi bakwai. Aka daidaita a biyar, Malam Mark ya zama shaida. Maganar abin da ya wuce kuwa, babu wanda ya tayar.

Da na Hangarin suka fara. Da aka zo wurin miya, Zakiyya ta gyara tabarau ta karanta abin da ke rubuce. Matar tana gaya wa mijin cewa gwamnati ta haɗe gonakin ƙauyensu wuri guda, gobe za a zo a tafi da dokinsa. Dattijon ya ajiye cokali.

"Ya ce kada kowa ya zo," in ji Zakiyya, muryarta ta ɗan sauka. "Ya ce shi zai kai shi da kansa, don dokin ba ya son baƙon hannu a igiyarsa."

"Tsaya," Baba ya ce.

Ta tsayar, ta shirya jin lacca a kan kiwon doki. Amma laccar ba ta zo ba. Ya matso da kujerarsa kusa da allo, ya daɗe yana kallon fuskar dattijon, sannan ya ce ta ci gaba.

"Ashe bawan Allah ne," in ji Gwaggo Atu. "Wata biyu ina tsine masa a banza. Amma ni dai, gaskiya, na farkon ya fi daɗi."

Baba ya juyo ya ce mata shi ya sa har yau ba ta san bambancin taki da toka ba. Gwaggo ta ce shi da ya sani, me ya hana waken suyarsa na bara yin kirki. Zakiyya ta ƙara sautin talabijin har sai da suka yi shiru.

Kafin a kai rabin fim Baba ya cinye tsayawarsa biyar. Ba a jima ba aka nuno rumbun hatsi na katako. Ta ga Baba yana motsi a kujera, yana buɗe baki yana rufewa. Ta ƙi kallonsa. Sai ta ji ya sunkuya wajen amininsa yana raɗa, irin raɗar da ake ji har zaure.

"Mark, kai ai ba a yi sharaɗi da kai ba. Ce mata ta tsaya."

Malam Mark ya dube ta ta saman tabarau, cike da kunya. "'Yata, ki yi haƙuri. Ni ma dai ina son in ga rumbun nan da kyau."

Zakiyya ta danna rimot da ƙarfin da ya sa murfin batir ya faɗo. Ta jingina da bango ta rufe ido, Baba kuma ya miƙe da sandarsa ya nufi allo, yana nuna wa jama'a inda gara za ta fara ci.