Fiffiken da Ya Karye a Nansha

Kwamfuta ba ta da tausayi, ba ta kuma da mugunta. Abin da ka ce mata shi za ta yi maka, ko da zai kai ka ya baro ka. Izzuddeen ya fi kowa sanin haka, don shi ke ba ta umarni. Bakano ne mai karatun digiri na uku a wata jami'a a birnin Guangzhou na China, mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, amma shi aka damƙa wa zanen fiffiken jirgin ruwan tseren jami'ar. Jirgin ƙarami ne mai tafiya da iska, fiffiken kuwa yana ƙarƙashinsa cikin ruwa. In gudu ya kankama sai ya ɗaga jirgin sama, ka gan shi yana sulalawa cikinsa bai taɓa ruwa ba.

Aikin da sauƙin faɗi. Ka gaya wa manhajar kwamfutar gudu kake so, ka kuma kafa mata iyakar da ba za ta tsallake ba, wato ƙarfin da dole fiffiken ya jure. Sai ta yi ta gwada siffa bayan siffa, ta rage nan ta lanƙwasa can, har ta fito da wadda ta fi. To amma duk wadda ta fitar, fiffiken abokan hamayyarsu ya fi ta siranta, abin kuwa ya tsaya wa Izzuddeen a rai. Wata Juma'a, yana saurin tafiya Masallacin Huaisheng, ya sassauta iyakar. Wai gani kawai zai yi. Da ya dawo ya tarar da fiffike siriri kamar wuƙar fawa, har farfesansu ya dafa masa kafaɗa a gaban jama'a. Yabo da daɗi. Ya ja bakinsa ya yi shiru, aka kai zanen aka ƙera.

Mai tuƙa jirgin abokinsa ne Harouna, ɗalibi ɗan Gaya ta Nijar, wanda ya tashi a bakin kogi. Irin mutanen nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri. Komai ka yi masa amsarsa ɗaya ce: "Ba komi."

Ranar gwaji a bakin tekun Nansha jirgin ya tashi gwanin sha'awa, mutanen bakin gaɓa na ta shewa. Iska ta ƙaru, Harouna ya karya kwana, sai fiffiken ya ɓalle. Jirgin ya kifa, ya maka shi da ƙarfen gefe. Aka tsamo shi hannunsa na dama a karye.

Abin da ya fi cin ran Izzuddeen shi ne ba wanda ya tuhume shi. Tun a asibiti Harouna ya ɗauke laifin cak ya aza wa kansa. Ya ce da farfesa nauyin da ya bayar aka yi lissafi da shi na bara ne, tun daga nan kuwa ya yi ƙiba. Farfesa ya ce in bai rage ba kafin gasa, wani za a sa. Ran nan Harouna ya yanke wa kansa abinci, mutum da karaya, ƙashi na neman abin ɗinkewa.

Da yammacin wata Asabar Izzuddeen ya je ɗakinsa dubiya, ya tarar da Hajjo, matar da ke dafa wa 'yan kasuwar Kano abincin gida, tsaye da kwanon tuwo.

"Yauwa, Injiniya, yi wa ɗan'uwanka magana," in ji ta. "Kullum in kawo in mayar. Jikin ma meiyo, in ji 'yan China, wato babu, duk ya zube."

"Hajiya, tuwonki ya karya mana fiffike," Harouna ya ce yana dariyar da ba ta da ƙarfi. Ya juya ga Izzuddeen. "Mon frère, ɗan'uwana, ka gafarce ni. Aikinka na wata da watanni na ɓata maka da ciki."

Kunya ta lulluɓe Izzuddeen har ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci. Ya dubi wuyan abokinsa da ya zama kamar mariƙin lema. Ya karɓi kwanon daga hannun Hajjo ya ajiye a gabansa.

"Ci abincinka, Harouna. Ba nauyinka ba ne. Ko kai biyu ne fiffiken zanen farko zai ɗauka. Ni na sassauta iyakar ƙarfin don ya ƙara siranta."

Harouna ya ɗago ya dube shi.

"Ka san haka sa'ad da na hau?"

"Na sani."

Hajjo ta gyara mayafinta ta fita ba sallama. Harouna ya jawo kwanon, ya ɗauki cokali da hannun hagu, ya fara ci da kyar, miya na ɗiga a kan bandejinsa. Izzuddeen ya zauna a bakin gado yana jiran ya ji "Ba komi." Har kwanon ya ƙare Harouna bai faɗa ba.