Fuskokin Baba Takwas

Hoton Baba guda ɗaya tilo ya ƙone a gobara, shi ya sa na kai Inna shagon mai hoto. Ta siffanta masa marigayin: dogon hanci, wushirya, tabo a gira. Ya rubuta wa manhajar zane da ke kwamfutarsa bayanin ta hanyoyi iri-iri, ya danna, sai ga fuskoki takwas lokaci guda.

"Inna, wanne ne?" na tambaye ta.

Ta daɗe tana kallo. "Wannan idonsa ne, wancan kuma bakinsa." Sai ta juya ga mai hoton. "Kashe abin nan, ɗan nan. Da na shigo ina ganinsa sarai a raina, yanzu duk sun cakuɗe min."

A mota ta runtse ido, har gida ba ta buɗe ba.