Alkawarin Karya Farashin Masara

Saura kwana tara zaɓe, Alhaji Mahadi, ɗan takarar majalisar jiha, ya daina sauraron kowa sai Mansur, ƙanin matarsa da ya dawo daga Abuja da kwamfuta a jaka. Aikin Mansur ɗaya ne, ya duba abin da mutane suka fi nema a intanet, ya rubuta wa Alhaji jawabi a kai.

Haladu kuwa shekara ashirin yana kawo ƙuri'un Maska, kuma ya yi rantsuwa gaban dattawan garin cewa wannan ɗan takarar nasu ne, ɗan manoma. Mutuncinsa ya jingina.

A mota, kan hanyarsu daga Funtua, Mansur ya juyo da kwamfutar, ya ce ba sunan ɗan takara ake nema ba, ba jam'iyya ba, kowa farashin masara yake bincika safe da yamma. Wato tsada ta ishi talaka.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi su wa ke binciken," in ji Haladu.

"Baba Haladu, na'ura ba ta san sunan mutum ba, adadi take bayarwa."

Haladu ya buɗe baki zai yi bayani, Alhaji ya ɗaga masa hannu, wai zamani ya canja.

Filin taro a Maska ya cika maƙil. Alhaji ya karɓi lasifika, ya rantse in ya ci, sai buhun masara ya faɗi ƙasa warwas kafin azumi.

Babu wanda ya tafa. Rabin mutanen da ke wurin masararsu na jibge a rumbu tun kaka, sun ƙi sayarwa. Su ne kullum ke latsa waya suna duba ko ta tashi a kasuwar Dandume. Daga baya-baya wani ya tada babur, sai na biyu, sai sahu guda.

Mudi, yayan Haladu, ya tako har gindin mumbarin yana dogara sandarsa.

"Kai ka kawo mana wannan?"

"Yaya, kuskuren takarda ne."

"To takardar ta zo ta jefa masa ƙuri'a. Kada ka sake tara mu."

Haladu ya waiga. Alhaji na can yana maimaita alkawarin da ƙarfi, a zatonsa na baya ne ba su ji ba.