Mika Bai Zauna a Makokin Leah Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa zaman makoki a Zuru ya san abin da ake so daga gare shi. Ba a neman dogon jawabi. Ka zo, ka gaisa, a nuna maka benci ko kututture, ka zauna. Zaman shi ne gaisuwar. Wanda ya fi kusa da mai rashi shi ya fi daɗewa a zaune, wani ya wuni, wani ya yi kwana uku yana dawowa. Mika ya san wannan fiye da kowa, domin shekara ashirin da takwas ya yi yana aikin bishara a ƙauyuka, ya zauna a gidajen makoki da shi kansa bai san iyakarsu ba. Amma ranar da aka binne Leah, matar amininsa Dawuda, Mika bai zauna ba.

Dawuda da hannunsa ya janyo masa kujera kusa da tasa, a ƙarƙashin mangwaron gidan.

"Zauna nan, Mika."

"Bari in ɗan tsaya, Soja."

Haka ya tsaya a kan dattawa, hula a hannu, yana sauya ƙafa. Kujerar nan ta wuni babu kowa a kanta, don ba wanda ya yarda ya hau wurin da mai gida ya keɓe wa amininsa. Kafin rana ta take, Mika ya yi sallama ya tafi. Washegari ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Rana ta uku bai zo ba.

Mutane suka ce girman kai ne, tun da 'yarsa Magdalene ta zama nas a Abuja. Dawuda tsohon soja ne, ya iya shiru. Sai dai daga ranar, in sun haɗu a coci, yakan ce "Sannu, Mai Bishara," kamar yadda kowa ke cewa. Shekara arba'in da ɗoriya sunansa yake kira kai tsaye.

Waɗannan mutane biyu tare suka yi golmo, noman da samari ke yi wa uban yarinya shekara bakwai kafin a ba su mata. Su goma sha biyu ne a ƙungiyarsu. Yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Uban Leah wani tsoho ne mai tsanani a Dabai, wanda yakan bi huɗar da aka yi da sanda, in ya ga wuri ya karkace ya sa a sake. Mika yana tuna sanyin safiyar nan, da raɓa a ciyawa har gwiwa, da ƙarar garma goma sha biyu suna sauka tare. Yana tuna Leah tana gangarowa daga dutse da ƙwaryar kunu a ka, ba ta kallon kowa, kowa na kallonta. Dawuda yakan rage sauri in ya hange ta, Mika ya ƙarasa masa layinsa don kada tsohon ya gani. A lokacin babu wanda ke cewa wash. Wata rana garma ta sare Mika a ɗan yatsan ƙafa, ya cusa ƙasa a wurin ya ci gaba har ƙarshen gona, aka yi ta yabonsa a waƙa har damina ta wuce.

Wannan horo ya yi maza na gaske, kuma ƙasar nan ba ta ƙara yin irinsu ba. Amma horon da ke hana mutum kuka a gona shi ne ke hana shi magana a gida, kuma wannan ɓarna ce, ko da wa ya yi ta.

Ga abin da Mika ya ɓoye. Bayan ya tuba ya shiga aikin bishara, keke ne ƙafarsa. Zuru zuwa Dabai, Zuru zuwa Ribah, wani lokaci har Sakaba, kan hanyar duwatsu, a kan sirdi mai tauri wanda fatarsa ta zama kamar katako. Yana son keken nan kamar ɗa. Yara kan bi shi da gudu in ya shiga ƙauye, mata su ɗaura masa kaza ko damin dawa a baya. Shekara biyu bayan ya ajiye aiki, sai wani zafi ya fara masa a ƙasa, tsakanin gabansa da duburarsa. In ya zauna, kamar an ɗora shi kan garwashi. In ya miƙe, sai ya lafa. In ya kwanta ta gefe, ya samu sauƙi. Da safe da dama, zuwa la'asar sai ya ji kamar ya cire wurin ya yar.

Ya sha maganin basir har ya gaji. Sau ɗaya ya buɗe baki ya gaya wa wani mai kemis a kasuwa, a hankali, bayan ya jira kowa ya watse. Mutumin ya dube shi ya yi murmushi.

"Baba, ai wannan ciwon sanyi ne. Kada ka damu, har fastoci na zuwa nan."

Mika ya fita bai sayi komai ba. Mace ɗaya ya sani a duniya, matarsa Saloma, wadda ya yi wa shekara bakwai na noma. Amma ya san garinsa. Kalma ɗaya ta fita, shekara ashirin da takwas na wa'azi sun tafi. Daga ranar ya kulle bakinsa. A coci ya koma tsayuwa a baya, aka ce tawali'u ne. Tuwo ma a tsaye yake ci, ya ɗora kwano kan katanga.

Saloma kaɗai ta sani, kuma ba ta raga masa ba.

"Baban Magdalene, ka je ka gaya wa Dawuda. Mutumin nan ya rame."

"In ce masa me? In ce masa ina ne ke ciwo?"

"Shi ba shi da irin wurin ne? A soja aka cire masa?"

"Saloma."

"Kun yi wanka a rafi ɗaya tun ba ku da wando. Yau ne ka ga abin ɓoyewa."

Bai je ba. Da ta ga haka, sai ta kira 'yarta a waya ta zayyana mata komai, yana tsaye yana ji, yana zare mata ido. Bayan sati biyu mijin Magdalene ya zo da mota. Mika ya yi tafiyar nan duka a kwance ta gefe a kujerar baya, ƙafafu a naɗe, yana kallon kawunan itatuwa suna wucewa. Bai yi sallama da kowa ba.

A wani babban asibiti a Abuja aka yi ta gwaje-gwaje, na jini, na fitsari, da hoto. Ba a ga komai ba. A ƙarshe aka haɗa shi da wani likita mai furfura, wanda ya fara da tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa.

"Baba, in ka zauna a kan kujerar ban-ɗaki, mai rami a tsakiya, yana yi maka zafi?"

Mika ya yi tunani. "A'a. Nan kam ba ya yi."

"Wane aiki ka yi?"

Da ya ji labarin keke, sai ya ɗauki takarda ya zana ƙashin ƙugu. Ya ce akwai wata jijiya da ke kai ji zuwa gaba da dubura, tana bi ta wani matsatsen wuri tsakanin igiyoyi biyu masu riƙe ƙashi. In an daɗe ana danna wurin, yakan yi tauri ya shaƙe ta. Duk lokacin da mutum ya zauna, sai ya ƙara matse ta.

"Ba ciwon mata ba ne?" Mika ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Ko kusa. Ciwon sirdi ne, in kana son suna."

Don a tabbatar, aka yi masa allurar kashe zafi daidai inda jijiyar take. Aka ce ya zauna. Ya zauna a hankali kamar mai hawa kan ƙwai, ya jira wutar. Ba ta zo ba. Awa uku ya yi a kan bencin asibiti, ya ƙi tashi ko don cin abinci, har maganin ya sake shi, zafin ya dawo inda yake. An gwada magunguna da gashi da motsa jiki na wata huɗu, ba su yi ba. Sai likita ya ce saura aiki: za a tsaga ta ɗuwawu, a yanke igiyar da ta shaƙe jijiyar, a sake ta.

"Amma ka ji ni da kyau. Jijiya ba ta warkewa da sauri. Wata shida, shekara, wani ya fi haka. Wasu kuma sauƙi kawai suke samu, ba ya tafiya duka."

Mika ya ji, amma bai saurara ba. Ya riga ya gama shirinsa. Za a yi aiki, ya warke, ya koma Zuru, ya shiga gidan Dawuda ya zauna tun safe har yamma, kwana uku a jere, ya biya zaman da bai yi ba. Ba sai ya faɗi komai ba. Irin wannan dabara ce ta mai son gyara laifi ba tare da ya amsa shi ba.

An yi aikin lafiya. Bayan wata uku ya dawo gida da wani matashi mai rami a tsakiya, wanda ya hana Saloma shanya shi a waje. Zafin ya ragu, amma minti goma ne iyakar zamansa. Kullum da hantsi yakan gwada a ɗaki, agogo a hannu. Goma. Sha biyu. Wata rana ya koma takwas.

Ran nan Saloma ta dawo daga zumuntar mata ta ajiye littafin waƙarta.

"Ezekiel ɗan Dawuda ya zo. Zai tafi da ubansa Kaduna in an gama yankan dawa. Ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba, tun da ba mai leƙa shi."

"Yankan dawa ai saura sati uku."

"To, ci gaba da duba agogo."

Washegari da hantsi Mika ya sa rigarsa ta coci ya kama hanya a ƙafa. Ya tarar da Dawuda a tsakar gida yana gyaran ƙotar gatari. Ya tsufa ƙwarai. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Sannu, Mai Bishara. An dawo daga birni."

"Na dawo."

"Ba zan ce ka zauna ba. Kujerunmu na talakawa ne."

Mika ya cire hula. Ya yi wa'azi a gaban mutum ɗari biyar bai ji tsoro haka ba.

"Soja, ba na iya zama. Shekara uku ke nan. Ciwo ne a nan." Ya nuna wurin da hannunsa, bai kauce ba. "Tsakanin gabana da duburata. Keke ne ya matse mini jijiya. An tsaga ni a ɗuwawu an gyara, ga ɗinkin nan in kana son gani. Ko a kan matashin da aka ba ni, minti goma ne iyakar zamana. Ranar Leah, da na zauna, da na yi ihu a gaban mutane. Na ji tsoro a ce ciwon sanyi ne."

Dawuda ya ajiye gatarin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kai? Ciwon sanyi? Wace mace ce za ta kalle ka, in ba Saloma da aka tilasta wa ba?"

"Mai kemis ne ya faɗa."

"Ka ji maganar mai kemis, ka ƙi gaya mini." Muryarsa ta sauka. "Na yi ta tunani, me na yi wa Mika. Na bi shekaru ɗaya bayan ɗaya, har na tuna akuyarka da na bari kura ta ɗauka. Na ce ko ita ce."

"Na yi laifi, Dawuda."

"Ka yi. Wawa kawai. A bariki na ga kanar guda an kwantar da shi rub-da-ciki ana ciro masa ƙarfe a ɗuwawu, yana kiran uwarsa. Washegari muka sara masa." Ya miƙe da ƙyar, ya dafa gwiwa. "Kwanciya fa? Kana iyawa?"

"Ta gefe."

Ya shiga ɗaki ya fito da tabarma biyu, ya shimfiɗa a inuwar rumbu. Mika ya kwanta ta gefen hagu, ya tallafe kai da hannu. Dawuda ya kwanta a ɗayar yana fuskantarsa, yana gunaguni cewa in maƙwabta sun leƙo za su ce tsofaffi sun sha burkutu da rana tsaka. Kaji suka zo suka zagaya su suka wuce.

Sannan Dawuda ya ce, "Mika, akwai abin da ban gaya wa yara ba."

"Ina ji."

"Ranar Laraba Leah ta ce tana son soyayyen kifi na kasuwa. Ina sauraron rediyo. Na ce mata gobe." Ya share fuska da tafin hannu. "Alhamis da safe ta daina magana. Ban san wa zan gaya wa ba. Fasto yaro ne, zai karanta mini aya."

Mika bai karanta masa aya ba. Ya bar shi ya faɗi abinsa, ya sake faɗa, ya koma baya ya ba da labarin jinyar tun daga farko, da abin da ta ci da abin da ta ƙi. Inuwa ta matsa, suka ja tabarmi suka bi ta. Da la'asar Mika ya tashi yana karkaɗe riga.

"Gobe ka zo da wuri," in ji Dawuda. "Ka taho da matashinka, kowane iri ne. Kwana ashirin suka rage mini a garin nan, kuma ban gama ba."