Dogo Ya Yi Shiru, Lele Ta Ƙarasa

Yaya, nemi wuri ki zauna tukuna. Lele ta yi magana!

Kin san tana neman shekara uku, ko "Mama" ba ta taɓa cewa ba. Likitar yara ta ce kunnenta lafiya, mu dai yi ta yi mata hira, in wata ya ƙare shiru za ta tura mu babban asibiti. Tun ranar bakina bai huta ba. Ina wanki ina surutu, ina guga ina surutu, ga waƙoƙin Tattabara ina sa mata daga safe har yamma. Ai kin san Tattabara, da kanta take tsara waƙarta, baiti ɗaya ta cika miki kwando da magana, ko yawu ba ta haɗiya. Na ce in kalmomi ake nema, ga gidansu.

Baban Lele kuwa masoyin mawaƙi Dogo ne, kullum sai mun yi musu. Wai Dogo magana kaɗan zai yi ta bi ka har wurin aiki. Na ce wane irin mawaƙi ne zai fara baiti ya yi tsit a tsakiya, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta?

Ya ce, "Taki fa? Keken ɗinki ce, a taka a yi ta tafiya."

Na ce, "Naka rabin waƙa yake yi, gita ta ƙarasa masa."

To yau da safe yana zaune a ƙasa ya kwance fanka yana gyara, wayarsa na kan kujera, waƙar Dogo ta direban da ya daɗe a hanya na tashi. Kullum ita yake sawa kafin ya fita. Lele na gefensa tana wasa da murfin kwalba. Dogo ya ce, "Buɗe min ƙofa, na dawo..." sai ya yi shirun nan nasa.

Sai muka ji 'yar murya: "Gida."

Sukudireba ta suɓuce masa. Na taso da kumfa a hannu zan kurma ihu, ya ce, "Don Allah uwar surutu, yi shiru!" Ya kashe wayar, ya rera da muryarsa mai kama da ƙofar gareji, ya tsaya a daidai wurin. Ta kalle shi. "Gida."

Ashe wurin sa baki yarinyar nan take nema, ni da Tattabara mun cika mata ɗaki. Ban ce Dogo ya fi ba fa, kar ki je ki gaya masa.

Na kira likita. Ta ce kalma ɗaya ce, kar mu saki jiki, amma mu ci gaba a haka: a fara magana, a tsaya, a jira ta.

Da rana na gwada. Na ɗaga kofi na ce, "Lele za ta sha..." na cije leɓe. Yaya, jiran nan ya fi naƙuda wuya. Ta kalli kofin, ta kalle ni, ta buɗe baki ta ce, "Wa."

Na ba ta ruwan cikin ɗoki, rabi a rigarta ya ƙare.