Zafin Kwamfutar Auta

Lambar zafin da ke gefen allon ta ci gaba da hawa, Auta ya cije leɓe. Ta wuce tamanin, ta wuce casa'in. Fankokin cikin akwatin kwamfutar suka ɗauki kuka kamar injin markaɗe, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Kwamfutar ta sake kashe kanta.

Ita ce ta farko da ya taɓa haɗawa da hannunsa, yana kallon bidiyo yana ɗaure noti. Da ta tashi kuwa, sai kai ya kumbura. Ya shiga saitinta ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara, wai shi ba zai sayi doki ya bar shi yana tafiyar jaki ba. Tun ranar, da zarar ya kunna manhajar gwaji, wadda ke labta mata aiki don a ga juriyarta, sai zafi ya kayar da ita.

Jiya ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Ya dawo daga aiki ya tarar Mama ta lulluɓe akwatin da ƙyallen da ta saƙa, irin na kan talabijin da firji. Mama dai ko turmi ta gani a zaune haka nan sai ta yi masa riga.

"Kin toshe mata iska! In ta ƙone, ke kika ƙona ta. Abin da ba ki sani ba ki daina taɓawa mana!"

Ta ninke ƙyallenta ta fita. Shi kuwa ya san sarai cewa ciwon ya girmi ƙyallen, kawai dai haushi ne ya sami wurin sauka.

Yanzu ga shi babu ƙyalle, ga taga a buɗe, kuma kwamfutar ta sake mutuwa. Ya zare wayar wuta, ya kwantar da akwatin a kan tebur, ya kwance ƙarfen sanyayawar da ke zaune a kan ƙwaƙwalwar. Da ya juya gindinsa, sai ya ga wani abu yana sheƙi a ƙarƙashin man janye zafi da ya shafa ranar da ya haɗa ta. Ya sa farce ya ɓanɓaro. Leda ce siririya, wadda ake manna wa sabon kaya, har da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. Duk kwanakin nan ita ce ta tare zafin, ta hana shi fita.

Kunya ta rufe shi. Ya goge ƙarfen, ya sa sabon mai, ya mayar da komai, ya ma rage gudun kaɗan tunda babu mai kallo. Ya kunna gwajin. Lambar ta hau sittin da wani abu, ta yi zamanta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsa ba, turowa take yi tana mita. Ta shigo rungume da fankar ɗakinta, waya na jan ƙasa. Ɗakin nata rana ke dukansa tun daga hantsi, in babu fankar nan ko gyangyaɗi ba ta iyawa.

"Na kira yayarka, ta ce iska abin nan yake so," in ji ta. "Ina zan ajiye?"

"Mama, ki bar shi, ai..."

"Ni tsoron taɓa maka kaya nake yi yanzu. Nuna min."

Ya nuna gefen tebur. Ta jona da kanta, ta juyo fuskar fankar ga akwatin, sannan ta ja da baya ta haɗe hannuwa a baya, tana leƙen allon daga nesa.

"Ta warke?"

"Ta warke."

"Alhamdu lillahi. Wallahi ban runtsa ba. Ka sha wahala a kan abin nan, ni kuma da karambanina na so in kashe maka." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka yi haƙuri, Autana. Tsufa ne."

Ledar tana dunƙule a tafin hannunsa, ta jiƙe da gumi. Buɗe hannun kawai zai yi. Ya dubi allon, ya dubi fuskarta da ta fara washewa, ya ƙara damƙe ledar.

"Ba komai, Mama," ya ji bakinsa ya ce. "Ya wuce."

"Allah Ya yi maka albarka. Kai dai ba ka da riƙo, halin babanka ke nan."

Ta dafa kansa, ta fita, ta ja ƙofar a hankali don kada ta dame shi. Ta bango ya jiyo ta tana buɗe tagar ɗakinta, sai kuma ƙarar kwalin da take fifita da shi. Fankar ta juyo ta busa masa iska mai sanyi a fuska.